Yadda za ka gane tayar motarka ta gama aiki

Direbobi da yawa da ƙafa suke duba taya. A zo a ɗan shure ta, in ta yi tauri a ce lafiya lau, a tada mota. Shuri ba ya gaya maka komai. Tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gani ba, tana kuma iya mutuwa zanenta na nan raɗau kamar jiya aka fito da ita daga shago. Abu uku ke kashe taya: zane ya suɗe, shekaru su ja, ko ta samu rauni a jiki. Ɗaya daga ciki ya isa a sauke ta, ba sai sun haɗu ba.

Ka ware rabin awa da safe, kafin motar ta yi tafiya. Abin da za ka tanada: gejin awon iska naka na kanka, tsinken ashana da rula mai milimita (ko ɗan gejin awon zane in kana da shi), tocila, da tsumma jiƙaƙƙe. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka karya sitiyari har ƙarshe domin fuskar tayar gaba ta fito gaba ɗaya. Na baya kuwa sai ka durƙusa, ba makawa.

Mataki na 1: Auna zurfin zane

Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin kamar milimita 7 zuwa 8. Iyakar da dokar ƙasashen Turai da yawancin jihohin Amurka ta yanka ita ce milimita 1.6, kuma masu ƙera taya sun sa alamar wannan iyaka a jikin tayar kanta. Ka leƙa cikin manyan tsagogin da suka zagaye tayar, za ka ga wasu 'yan tudu na roba sun gitta a ƙasan tsagar, a wurare da dama. Don ka same su da sauri, duba kafaɗar tayar, inda fuska ta haɗu da gefe: akwai ɗan kibiya ko haruffan TWI, a tayar Michelin kuma hoton ɗan mutumin nan nasu. Tudun yana daidai saitin alamar. Idan ka shafa da yatsa ka ji saman zanen ya yi daidai da tudun, magana ta ƙare.

Awon ashana ya fi ba da labari dalla-dalla. Ka cusa gindin tsinken cikin tsaga har ya taɓa ƙasa, ba a kan tudun alama ba, ka danne shi da farce daidai saman zane, ka zaro ka ɗora a rula. Kowace taya ka auna ta wuri uku a faɗinta: tsagar waje, ta tsakiya, da ta ciki. Sannan ka ɗan tura motar gaba ka maimaita a wani ɓangare. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce hukuncin tayar. Tsagar ciki ce mutane ke tsallakewa, kuma can ɓarna ke ɓuya: taya ta yi kyau daga waje, alhali ta ciki waya ta riga ta fito.

Amma 1.6 iyakar doka ce, ba iyakar hankali ba. Aikin tsagogin nan shi ne kwashe ruwa daga ƙarƙashin taya don roba ta taɓa kwalta. In sun yi gajarta, ruwan ba shi da hanyar fita, sai tayar ta hau kansa tana sulɓi. Sitiyari ya yi sako-sako a hannu, birki ya zama ado. A busasshiyar kwalta suɗaɗɗiyar taya ba ta nuna halinta, shi ya sa mai mota ke cinye rani da ita yana yabonta, ruwan farko na damina ya tona asiri. Don haka idan awo ya ba ka milimita 3 kuma damina na tafe, ka fara shirin kuɗi. In ya ba ka 2, kada ka hau doguwar hanya da ita cikin ruwa.

Mataki na 2: Karanta yadda ta ci

Kafin ka jefar da tsohuwar taya ka tambaye ta abin da ya kashe ta, in ba haka ba shi zai kashe sabuwar.

Idan tsakiya ta suɗe gefe biyu na da sauran zane, iska ta yi yawa. Wannan ya zama ruwan dare saboda masu faci da dama suna bugawa kowace mota psi 40 ko 45 (psi shi ne ma'aunin iskar taya da geji ke nunawa) ba tare da tambaya ba, gejin nasu ma ya sha faɗuwa ƙasa. Idan kafaɗu biyu suka ci tsakiya ta rage, iska ta yi kaɗan ko lodi ya yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai ya ci, saitin ƙafa ya goce, sai an yi alayimen, kuma kafin alayimen a duba tayrod da boljoyin da bushin, domin saiti ba ya zama a kan ƙafar da ke girgiɗi. Ka shafa tafin hannu a faɗin tayar: in ta wannan wajen sumul, ta wancan wajen kana jin kaifi kamar haƙoran zarto, tayoyin ba sa kallon gaba sak, ana jan su ne a karkace. Idan kuwa ka ji kwari da tudu, kwari da tudu a zagayen tayar, shokozoba ta mutu ko ba a yi balansin ba, tayar tana tsalle a kan kwalta. Irin wannan ce ke kukan nan na "wuu-wuu" da ake ɗora wa boris laifinsa. Wuri ɗaya da ya baje kamar an goga shi da dutse, birki ne ya kame aka ja taya.

Iskar da ta dace tana rubuce a wata takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai. Ga yawancin ƙananan motoci tsakanin psi 30 ne zuwa 35. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. A auna da sanyi, wato motar ta huta kamar awa 3. Taya mai zafi tana nuna ƙarin psi 3 zuwa 5, kuma hakan daidai ne. Direban da ya tsaya a Zariya da tsakar rana ya sace iska wai don kada taya ta fashe, shi ne ya gayyato fashewar.

Dalili kuwa shi ne: taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti guda. Wannan murzawar tana haifar da zafi a cikin jikin tayar, zafin yana sassauta riƙon da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zane, har ranar da fuskar za ta ɓare ta yi wurgi kamar ɓawon ayaba. Ko a Amurka an ga haka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5, akasari na motar Ford Explorer, saboda ɓarewar zane, kuma haɗuran sun fi yawa a jihohi masu zafi.

Mataki na 3: Nemo ranar haihuwarta

Nan ne aka fi yin asara. Roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye. Iska da rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta daina kama kwalta, riƙon cikinta ya raunana. Zafi kuma yana gaggauta wannan tsufa. Tayar da za ta yi shekara takwas lafiya a Jamus ba za ta ga haka ba a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a bazara, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba.

Ka goge gefen tayar da tsumma, ka nemi inda aka rubuta DOT kusa da bakin rim. Bayansa akwai jerin haruffa da lambobi, na ƙarshe lambobi huɗu ne, galibi cikin ɗan zagaye mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019, wato farkon watan Yuni. In ka ga 0822, mako na 8 ne na 2022. Sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, in ba ka gani ta waje ba tana ciki, sai ka shiga da tocila. Lamba uku kacal a ƙarshe na nufin an yi tayar kafin shekarar 2000. Wannan sai dai a yi lilo da ita.

Shekara nawa ne iyaka? Bakin masu abin bai zo ɗaya ba. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, FRSC, ta daɗe tana faɗakarwa kan shekara 4 daga ranar ƙira. Kamfanonin mota irin su Ford suna cewa 6. Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta wurin masani duk shekara, in ta kai 10 a cire ko yaya take. A yanayinmu, ga abin da ya fi kama hankali: daga shekara 4 ka sa mata ido sosai, kuma ka san jami'i a hanya na iya tsayar da kai a kanta. Motar haya ko motar da ke cin dogon zango kada ta wuce nan. Motar gida mai kwana a rumfa tana zagayen gari, in ba tsaga ko ɗaya, tana iya ɗan ƙarawa, amma 6 ya zama ƙarshe.

Alamar tsufa a ido ita ce ƙananan tsagogi kamar faso, a gefe da kuma can ƙasan tsagar zane. Ka danna gefen da babban yatsa. In fason ya buɗe baki har kana hango zurfinsa, ko ka ga zare, ta tafi. Tayar motar da ba ta cika fita ba ita ta fi saurin yin wannan, domin a cikin roba akwai sinadarin kariya da ke tasowa sama idan tayar tana juyawa tana ɗumi. Motar Alhaji da ke fake shekara biyar a rana, zanenta cif, ita ce ke fashe taya ranar da aka ɗauke ta zuwa ɗaurin aure a wani gari.

Safaya ma taya ce, shekarunta na tafiya a cikin but. In ƙaramar nan ce siririya, iskarta psi 60 ce, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita.

Mataki na 4: Raunin da ba ya jiran gobe

Ka bi gefen tayar da hannu, waje da ciki. Kumburi kamar ƙwai a gefe yana nufin zarurrukan ciki sun tsinke, galibi bayan an faɗa rami ko an daki bakin kwalbati, gefen ya matse tsakanin rim da dutse. Abin da ke riƙe iskar a wurin 'yar fatar roba ce kawai. Ba faci, ba a sa tub a ciki a ce an gyara, ba a mai da ita baya a ce "ai baya ce". A sauke ta yau.

Haka hukuncin yake ga yankan da ya kai ga zare, da wayar da ta leƙo, da tudun da ya taso a fuskar zane. Wannan na ƙarshen za ka ji shi kafin ka gan shi: a tafiyar hankali, gudun 20 ko 30, motar tana rausaya kamar agwagwa, sitiyari na kaɗawa hagu da dama. Ka ɗaga ƙafar da jak ka juya tayar da hannu, za ka ga zanen yana karkacewa kamar maciji. Wayoyin sun rabu da roba ke nan.

Tayar da aka yi tafiya a kanta ba iska, ko da kilomita ɗaya ne, a cire ta daga rim a duba ciki. In ka ga garin roba baƙi kamar gawayi, ko wani zobe da ya murje a zagayen gefe, ta ƙone daga ciki.

Game da faci: ƙusa a tsakiyar fuskar zane, ramin bai wuce milimita 6 ba, wannan ana gyarawa. Gyaran ƙwarai shi ne a cire taya, a duba ciki, a toshe ramin a kuma liƙa faci ta ciki. Igiyar nan da ake cusawa ta waje ba a cire taya ba, ta kai ka gida ce kawai, ba ta zama ba, domin in ramin bai toshe da kyau ba ruwa na bi ya sa wayoyi tsatsa. Huji a kafaɗa ko a gefe ba ya gyaruwa, wurin yana lanƙwasa a kowane juyi, faci ba ya zama. Faci biyu da suka hau juna ma sallama ce.

Mataki na 5: In za ka sayi 'yar Beljiyam

Gaskiya ɗaya ce, tsada ce ke tura mutane wurin tsohuwar taya. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙira a Legas ba da jimawa ba, tayar mota a Najeriya ta koma kayan shigowa, farashinta na bin dala. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, amma ga su nan tsibi-tsibi a bakin titi. Sabuwar taya mai matsakaicin suna da kwanan wata na bana ta fi tsohuwar babban kamfani mai shekara bakwai. In dai ba yadda za ka yi, to kada ka saya tana kan rim. Ka karanta DOT, in an kankare wurin ko an goge, ka ajiye. Ka shafa cikinta da hannu kana neman faci da tsaga. Ka duba leɓen da ke kama rim, domin ana cusa taya uku ko huɗu cikin juna wajen shigo da su, leɓen yana lanƙwashewa, daga nan sai sacewar iska da ba ta jin magani.

Ka kula da zanen da aka sassaƙa. Ana ɗaukar suɗaɗɗiyar taya a bi tsagoginta da wuƙa mai zafi, a shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Za ka gane ta da tsagar da ba ta miƙe daidai ba, ƙasanta da sawun wuƙa, tudun alamar nan kuma babu shi, an yanke. Wasu tayoyin manyan motoci an yi su da kaurin da za a iya sake tsaga su, kuma an rubuta haka a jikinsu. Ta ƙaramar mota ba ta da wannan kauri.

Sai kuma tayar ƙanƙara, mai hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon ƙanƙara a ciki, zanenta cike da ƙananan tsagogi sirara. Tana yawan zuwa a ƙafar motocin da aka shigo da su daga Turai da Kanada. Zanenta mai zurfi ne, tana ɗaukar ido, amma robarta mai laushi ce don sanyi aka haɗa ta. A kwaltar Afrilu tana cinyewa da wuri, birki kuma yana ƙara tsawo.

Mataki na 6: Karanta lambar kafin ka biya

Ɗauki 195/65 R15 91H. Faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15. Waɗannan kowa na dubawa. Na ƙarshen ne ake mantawa: 91 na nufin tayar na ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. T na nufin 190, V na nufin 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da takardar ƙofa ta ce, musamman a lambar lodi. Tayar 175/70 R13 mai lamba 82, irin ta ƙananan motocin haya, kilo 475 take ɗauka, biyun baya 950 ke nan, har da nauyin bayan motar kanta. Ka ɗora fasinja huɗu da buhun masara uku a but, ka yi lissafin da kanka. Bas irin Hiace tana buƙatar taya mai harafin C bayan lambar rim, wadda aka ƙarfafa don kaya. Sa mata tayar ƙaramar mota don girman ya zo ɗaya ganganci ne.

A yawancin tayoyi za ka ga kalmar TEMPERATURE da harafin A, B ko C. Juriyar zafi ce, A ta fi. Sabuwa ma a karanta mata DOT, don akwai wadda ta shekara uku a sito.

Mataki na 7: Guda nawa, kuma a wace ƙafa

Huɗu a tare ya fi. In aljihu bai kai ba, biyu iri ɗaya a layi ɗaya, kada hagu da dama su bambanta a girma ko zane. Sababbin kuma baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. Wannan yana ba mutane mamaki, mai faci ma zai yi maka gardama. In gaba ta sulɓe a kwana, za ka ji a sitiyari, ka ɗaga ƙafa daga totur motar ta dawo. In baya ta sulɓe, motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma direbobi ƙalilan ne ke iya kamo ta. Sharaɗin shi ne waɗanda za a mayar gaba su ma sun tsallake matakai huɗun farko. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kullum ba ta son bambancin zane mai yawa tsakanin tayoyi, yana wahalar da giya, sai a duba littafinta.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kansu. A canja bawul, kuɗinsa kaɗan ne kuma shi ma roba ne mai tsufa. A goge tsatsar bakin rim, a shafa ruwan sabulu, ba baƙin mai ba, mai yana cin roba. In an rubuta OUTSIDE, wannan gefen waje yake kallo. In akwai kibiya da ROTATION, kibiyar ta bi juyin tafiya gaba. A yi balansin, a yi alayimen. Noti a fara ɗaura shi da hannu, a bi su a gicciye ba a jere ba. Ƙarfin ɗaurin Corolla kusan Nm 103 ne, abin da hannu da sifana ke bayarwa ba tare da yaron shago ya hau kan bututu yana tsalle ba. Wannan tsallen ke miƙar da ƙusoshin ƙafa har su karye, shi ke sa kuma ka kasa kwance taya a daji da dare.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notocin da sifana. Ka rubuta kilomitar da ke kan mita a ranar, domin kowace 8,000 zuwa 10,000 a juya tayoyin gaba da baya su ci daidai. Tsohuwar da aka sauke saboda kumburi ko rabuwar waya, ka sa a tsarge gefenta da wuƙa a gabanka kafin ka bar ta a shagon, in ba haka ba mako mai zuwa an shafe ta da mai tana jingine a bakin titi da farashi.